Ƙarfin wari ba shi ne tsafta ba

A gidajen birni da dama yanzu, ba a yarda banɗaki ya wanku sai wanda ya wanke shi ya fito yana tari, idanu na zubar da hawaye. Hanci ya zama alƙalin tsafta. In wari ya tari baƙo tun daga zaure, sai a ce matar gidan nan akwai tsafta. In kuwa sabulu da ruwa kawai aka sa, ko da an goge har tayil na ɗaukar ido, sai a ga kamar an yi ha'inci. Da wannan fahimta nake da ja. Ita ce ta cika mana bayan ƙofa da ƙarƙashin gado da robobin guba, ita ce kuma ke sa mutane haɗa abubuwan da masu yin su ma suka rubuta a jikin roba cewa kada a haɗa.

Haɗin da aka fi yi shi ne na ruwan bilic, wanda kowa ke kira Hypo ko Jik ko da wane kamfani ne ya yi shi, da ruwan wanke masai mai kaurin nan da ake matsawa a gefen kwano. Kowanne shi kaɗai yana aikinsa. Na farkon yana kashe ƙwayoyin cuta, na biyun galibi asid ne mai ƙarfi da aka sa domin ya cinye tsatsa da farin dattin da ruwa ke bari. Amma da zarar sun gamu sai su saki iskar kulorin, wadda in ta taɓa danshin ido da maƙogwaro da huhu take ƙona wurin. Iskar nan ce sojojin Jamus suka saki a kan abokan gaba a Ypres ta ƙasar Beljiyam cikin watan Afrilun 1915, a yaƙin duniya na farko. Kada a ce ai wancan yaƙi ne. A watan Nuwamban 2019 manajan wani gidan abinci a jihar Masachusets ta Amurka ya rasu bayan ya shaƙi hayaƙin da ya tashi sa'ad da ruwan goge ƙasa mai bilic ya haɗu da wani mai asid a kicin ɗinsu. A farkon annobar korona kuma, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayyana cewa kiran da ake yi wa cibiyoyin kula da waɗanda suka sha ko suka shaƙi guba, a kan kayan wanki da na kashe ƙwayoyin cuta, ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100 a watanni ukun farko na 2020 in an kwatanta da na 2019. Tsoron cuta ne ya sa mutane zuba abu fiye da kima.

To su can ke nan, masu lambar wayar da za a kira. Mu nan banɗakinmu ɗan ƙarami ne, tagarsa ba ta fi tafin hannu biyu ba, wani ma an toshe ta da kwali saboda sauro. Wanda ke durƙushe a ciki da soso kuwa sau da yawa ba uwargida ba ce, 'yar aiki ce ƙarama ko almajirin gida, wanda ba ya karanta abin da ke jikin roba, ba kuma zai iya cewa "Hajiya, ƙirjina na zafi" ba don kada a ce ragwanci ne. Ko bilic ɗin shi kaɗai, in aka kwarara shi a inda fitsari ya taru ya kwana, wata iska mai shaƙe numfashi yake tayarwa. Mai asma ya fi kowa sanin wannan.

Amsar da ake yayi a intanet ita ce a watsar da na kanti a koma na gida. Na yarda da rabin maganar. Rabin da ban yarda da shi ba shi ne zaton cewa duk abin da aka haɗa a tsakar gida ya kuɓuta daga illa. A wajenmu ma abin ya juye: mafi haɗarin abin da ke shiga gidajen talakawa a 'yan shekarun nan ta ƙofar "haɗin gida" yake shigowa.

Ina nufin sabulun ruwa. Da wuya a yi taron koyar da sana'a ga mata, na gwamnati ko na ƙungiya ko na ɗan siyasa mai neman ƙuri'a, ba a koyar da haɗa sabulun ruwa da ruwan goge ɗaki da bilic ba. Dalilin a fili yake. Jarin kaɗan ne, ana koya a yini guda, mace na iya yi ba ta fita ba, kuma akwai masu saye. Mata da yawa da shi suke biyan kuɗin makarantar yara, ba kuma ni zan raina sana'ar da ke rufa wa mutum asiri ba. Sai dai a duba abin da ake auno mata a leda daga kasuwa: kostik soda, da asid ɗin da ke sa kumfa, da kala, da turare, wani lokaci har da fomalin don kada sabulun ya lalace. Fomalin ɗin nan shi ne ruwan da ake adana gawa da shi a asibiti, kuma tun 2004 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon ta sa sinadarinsa cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam kansa. Ruwan goge ɗaki mai farin kumfa da ake kwaikwayon Izal da shi kuma, wasu da finol suke haɗa shi, wanda ke ƙona fata, yana kuma ratsa ta ya shiga jiki. Ana gudun gara an faɗa gidan zago.

Kostik soda ta fi tayar min da hankali, saboda yadda ake aiki da ita. Jiƙa ta ake yi a ruwa a bar ta ta kwana kafin a haɗa. In ta narke, ba ta da kala, ba ta da wari, ido ba ya bambanta ta da ruwan sha. Ana ajiye ta a bokiti ko kwano ko tsohuwar robar ruwa, a ƙasa, a gidan da yara ke rarrafe. Yaro ɗan shekara biyu da ƙishi ya kama ba ya tambaya. Kurɓa ɗaya ta isa ta ƙona baki da hanyar da abinci ke bi zuwa ciki. Abin takaicin, bayan 'yan kwanaki ƙunar baki takan lafa, iyaye su ce Alhamdu lillahi an tsallake. Makonni kaɗan sai tabon da ke ciki ya fara tsukewa, yaro ya kasa haɗiye tuwo, daga baya ya kasa kunu, har yawun bakinsa ya gagare shi. Daga nan sai zaryar asibitin koyarwa, ana buɗa hanyar da na'ura a kai a kai, wani a huda masa ciki a sa robar abinci, wani sai babbar tiyata. Likitocin yara a Najeriya da Gana da Saliyo sun daɗe suna rubutu a kan wannan, kuma abin da suke ta maimaitawa shi ne yawancin yaran daga gidajen masu yin sabulu ko maƙwabtansu suke fitowa.

Kuma in tsautsayin ya auku, abin da muka saba yi ƙara ta'azzara shi yake. A ɗura wa yaro manja, a sa masa yatsa a maƙogwaro ya yi amai, wani ya ce a ba shi lemun tsami ya karya ƙarfin sodar. Aman yana sa gubar ta sake bin hanyar da ta ƙona, ta ƙona ta karo na biyu. In kananzir ne yaron ya sha, wanda shi ma a robar lemo muke ajiye shi, aman na iya tura shi cikin huhu, can ne kuma yake kisa. Abin yi shi ne a wanke bakin da fatar da ruwa, a ɗauki yaro da robar abin da ya sha a nufi asibiti nan take. In ido ya faɗa, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15 kafin ma a kama hanya.

Saboda haka in na ce a koma na gida, ba ina nufin a mayar da tsakar gida masana'anta ba. Ina nufin a tuna cewa mafi yawan dattin gida, ƙura da maiƙo da dauɗar hannu da ragowar abinci, ba ya buƙatar guba ko kaɗan. Sabulu da ruwa da ƙarfin hannu sun ishe shi. Sabulu ba sai ya kashe kowace ƙwayar cuta ba. Ɓamɓare ta yake daga jikin abu tare da maiƙon da ta maƙale a ciki, ruwa ya tafi da su. Wasu ƙwayoyin ma, irin na korona da ke da rigar kitse, sabulu na farfasa su. Ɗakin kwana da falo da ake goge su kullum da ruwan da ke sa ciwon kai, ɗan garin omo a bokiti ya wadatar da su, a buɗe taga iska ta busar.

Iyayenmu mata ba su san sunan sinadari ko ɗaya ba, amma kayan aikinsu na da hujja. Toka da ake goge tukunya da ita tana da kaifin da ke narkar da maiƙo, ga ɗan kaushin da ke kankare baƙin wuta. In ta haɗu da kitsen da ke jikin tukunya, wani ɗan sabulu ne ke samuwa a wurin. Ta wannan hanya ake yin sabulun salo: a ƙona ɓawon koko ko na ayaba, a tace ruwan tokar, a dafa shi da man kwakwar manja ko man kaɗanya. Yarabawa da mutanen Gana sun shahara da shi, yau ga shi a shagunan Turai da Amurka an naɗe shi a takarda mai kyau ana sayarwa da tsada. Tokar itace nake nufi, ba ta bolar da aka ƙona leda da batir a ciki ba. Ruwan toka mai ƙarfi kuma yana cin hannu, yana cutar da ido, don haka shi ma ba abin bari kusa da yara ba ne.

Kanwa ta fi ba ni sha'awa. Mun ɗauke ta abin miyar kuka da kunu da dafa wake kawai, alhali 'yar'uwar bekin sodar nan ce da masu bidiyon tsaftar gida ke ta yabo. Irin ma'adinin da fatake suka daɗe suna kawowa daga yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga, shi ake haƙowa a jihar Wayomin ta Amurka a tace a yi bekin soda da sodar wanki. Misirawan dā ma da irinsa suke wanka da wanki, da shi kuma suke busar da gawarwakin sarakunansu. Kanwa kaɗan da aka jiƙa a ruwan ɗumi tana sassauta maiƙon da ya daskare a murhun gas da tsumman kicin, tana rage ƙarnin kwanon da aka ci kifi. Sai a kula da tukunyar alminiyam, domin in ta daɗe a cikin ruwan kanwa takan dushe. Bekin soda kuma, ga mai iya saye, in aka dama ta da ɗan ruwa ta yi kauri tana goge sink da tayil ba ta karce su ba, in aka bar ta a buɗe cikin firiji tana rage wari.

Abin da kanwa da toka ba sa iyawa, tsami ke yi. Farin dattin da ruwan rijiya da na burtsatse ke bari a bakin famfo da cikin butar shayi da gefen kwanon masai, gishirin ƙasa ne ya daskare, kuma asid mai sauƙi ya isa ya narkar da shi in an ba shi lokaci. Lemun tsami, ruwan tsamiya, ko ruwan khal da ke da asid kusan kashi 5 cikin 100, a zuba a bari ya jima, a dawo da buroshi. Wanda ya taɓa ganin an goge tasar tagulla da lemun tsami da toka ya san yadda take komawa sabuwa. Bambancinsu da na kanti shi ne haƙuri: wancan minti biyar, wannan sai an jira awa guda ko a bari ya kwana. Ba a sa tsami a kan dutsen mabul, yana cinye ƙyallinsa. Kuma, wannan a riƙe shi da kyau, lemun tsami da khal su ma asid ne. In suka haɗu da bilic, kulorin ɗin nan dai za su tayar.

Akwai wani haɗi da ake ta yaɗawa a Facebook da TikTok, wai a zuba khal a kan bekin soda, ya yi ta tafasa yana kumfa, a ce ga maganin datti. Kumfar ce ke burge ido. A haƙiƙa junansu suke kashewa, abin da ke saura bai wuce ruwa mai ɗan gishiri ba. Kowanne ya fi amfani shi kaɗai. Na kawo wannan ne don a ga cewa masu tallar "na gida" su ma suna da nasu ruɗin, ba 'yan kasuwa kaɗai ba.

Rana kuwa kyauta ce. Shanya katifa da tabarma da tsumman goge-goge a rana mai zafi, da zuba tafasasshen ruwa a kan soso da katakon yanka nama, suna yin aikin da turaren fesawa ba ya yi, domin shi rufe wari kawai yake, danshin da ya kawo warin yana nan. Ƙwallayen kafur da ake jefawa cikin akwatin kayan jarirai ma gara a bar su. Yawancinsu naftalin ne, kuma a cikin 'ya'yanmu akwai da yawa, musamman maza, da aka haifa da ƙarancin wani sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD. Irin wannan jariri in ya shaƙi kafur ko ya sa rigar da ta kwana a cikinsa, jininsa na iya farfashewa, shawara mai tsanani ta kama shi, har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Kayan jariri wanki da shanya da guga kawai suke so.

Yanzu ga inda nake rabuwa da masu cewa a kori bilic daga gida ɗungurungum. Lemun tsami ba ya maganin kwalara. A 2021 Najeriya ta yi fama da ɓarkewar amai da gudawa da aka yi zargin ta kama sama da mutum 100,000, ta kashe fiye da 3,000, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga gida, yana kuma dawowa duk rani. In akwai mai gudawa a gida, ko jini ya zuba, ko an ga kashin ɓera a ɗakin ajiyar abinci, bilic ne abin dogaro, khal da toka ba za su tsaya a madadinsa ba. Duk wanda ya gaya wa mutane akasin haka yana wasa da rayukansu. Ba mu manta da watan Agustan 2014 ba, lokacin Ebola, da aka tashi mutane da tsakar dare ta waya wai a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Gishiri na kicin ne, ba na kanti mai alamar guba ba, amma an kwantar da mutane a asibiti, wasu sun rasa rayukansu.

Matsalar bilic a hannunmu yawa ce da rashin awo. Wanda ake sayarwa a nan galibi ana rubuta ƙarfinsa a jiki, kashi 3.5 cikin 100; kowa ya duba nasa. Ma'aunin da ma'aikatan lafiya ke bi shi ne kashi 0.1 don goge wuri, kashi 0.5 don inda jini ko amai ko bayan gida ya zuba. Da bilic mai 3.5, na farkon shi ne murfi 1 a murfi 34 na ruwa, wato kusan cokalin cin abinci 2 a lita guda. Na biyun kofi 1 a kofi 6 na ruwa. Da ruwan sanyi ake haɗawa, ba na zafi ba. A fara wanke wurin da sabulu a ɗauraye, domin datti na cinye ƙarfin bilic, sannan a shafa a bar shi ya ɗan jima kafin a goge. Abin da aka sirka yau ba ya kai gobe da ƙarfinsa, sai a haɗa daidai buƙata. Ƙofa da taga a buɗe, safar roba a hannu. Wanda ya bi wannan zai ga roba ɗaya ta yi masa watanni, a wannan zamani da kowa ke lissafin kwabo. Bilic ɗin da aka haɗa a gida aka ɗura a robar da ba rubutu kuwa, ba wanda ya san ƙarfinsa, har mai sayarwar, saboda haka ba yadda za a auna shi.

Fiya-fiya ba kayan wanki ba ne, amma wuri guda ake ajiye su, wasu ma har ɗiga shi suke a ruwan goge ɗaki don kyankyaso. Sinadarin da ke cikinsa, daikulobos, maganin ƙwarin gona ne, shi ne kuma ke cikin Sniper. Saboda ragowarsa ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kasuwanni da kantunan unguwa. Duk da haka har yau ana yawo da shi a ƙananan kwalabe a tasha da bakin kasuwa. Abin da aka ƙi a ci a wake, ba shi da gurbi a ƙasan da jariri ke rarrafe yana sa hannu a baki. Kyankyaso abinci da danshi yake bi. A rufe kwano, a fitar da shara kafin a kwanta, a toshe tsaga da siminti, a sa gidan sauro.

Nauyin gyara bai kamata ya tsaya a kan mata kaɗai ba. Amurka ta kafa dokar murfin da yaro ba ya iya buɗewa tun 1970, mu kuwa har yanzu a leda ake auna kostik soda kamar sukari, ba suna ba gargaɗi. NAFDAC da hukumomin lafiya na jihohi za su iya tilasta wa masu sayar da sinadarai a kasuwa su manna takarda da Hausa, da boko da ajami, da hoton da wanda bai yi karatu ba zai gane. Masu shirya koyar da sana'a kuma, in har za su raba kostik soda, to su raba ta da safar hannu da gilashin ido da bokiti mai murfi, su ware awa guda cikin yinin don maganar ajiya da taimakon farko, su cire fomalin daga jerin kayan. Wanda ya koya wa mace haɗa sabulu bai gaya mata abin da soda ke yi wa maƙogwaron yaro ba, bai gama koyarwa ba, ko da an ɗauki hoto an raba satifiket.

Kai kuma maigida, da kai ake. Kai ne ke sayo robobin nan a hanyar dawowa daga aiki, kai ne kuma kake cewa banɗaki bai yi ƙamshin magani ba. A ƙarshen makon nan ka zagaya gidanka, duk robar ruwa ko ta lemo da ka samu da wani abu a ciki wanda ba na sha ba, ka rubuta sunansa a jiki, ka ɗaga ta sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, in da hali ka sa kwaɗo. Ka kuma zaunar da duk mai wanke muku banɗaki, ɗiyarka ce ko 'yar aiki ko almajiri, ka gaya masa da bakinka cewa ba a haɗa bilic da komai sai ruwa.